Kafin ruwan kwami ya daskare: wasiƙa daga wata barga a Ingila

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena masu karatu. Da fatan wasiƙar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Daga arewacin Ingila nake rubuto muku, inda nake aikin kula da dawaki a wata barga da ke bayan gari. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi duk shekara, sai ga shi tun kafin ƙarfe 5 duhu ya rufa. Nan da 21 ga Disamba rana za ta riƙa faɗuwa kafin ƙarfe 4, hasken yinin gaba ɗaya ba zai cika awa 8 ba. Wanda bai gama shirin hunturu yanzu ba, da tocila a goshi zai ƙarasa shi.

Doki ya riga mu fara shiri. Tun ƙarshen Yuni da yini ya soma raguwa jikinsa ke lissafi, domin gajartar hasken rana ce ke fito da gashin hunturu, tun sanyi bai sauko ba. Kafin Oktoba sulɓin nan ya tafi, gashi ya yi kauri, ga maiƙo a gindin gashin mai hana ruwa shiga. In ɗari ya tsananta sai gashin ya mimmiƙe ya riƙe iska mai ɗumi a jikin fata. Na sha ganin dusar ƙanƙara zaune a gadon bayan doki ba ta narke ba, alamar ɗumin jikinsa ba ya fita ke nan.

Shekarar da na fara aiki ban san haka ba. Ni ina rawar ɗari cikin riguna uku, sai tausayin wani baƙin doki ya kama ni, na lulluɓe shi da bargo mai nauyi, irin mai cikon giram 300, alhali ba a yi masa aski ba, kuma ma'aunin zafi bai sauka ƙasa da digiri 8 ba. Ya yini yana gumi a ƙasan bargon ban sani ba. Fatar bayansa ta jiƙe, ta yi ƙuraje, gashi ya riƙa tugewa da ɓawo, muka shafe makonni muna jinya. Dattijuwar da ke shugabantar bargar ba ta yi mini faɗa ba. Hannuna ta kama ta tura ƙarƙashin bargo, daidai bayan kafaɗa, ta nuna mini cewa nan ake tambayar doki: in da ɗumi kuma a bushe, to lafiya, in da danshi, an yi masa yawa. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin da niyyar alheri na cutar da shi. Bargo na dokin da aka aske ne saboda yana aiki yana gumi, da tsoho, da ramamme, da mara lafiya, da wanda ruwa da iska suka haɗu a kansa babu mafaka. Kuma ko wane ne, a cire masa kullum a duba jikinsa.

Abin da ke ɗumama doki daga cikinsa yake fitowa. A babban hanjinsa akwai ƙwayoyin halitta masu narkar da ciyawa, kuma narkarwar nan zafi take fitarwa a hankali, dare da rana. Shi ya sa in sanyi ya ƙaru ingirici muke ƙarawa kafin mu taɓa hatsi. Doki mai nauyin kilo 500 yana buƙatar busasshiyar ciyawa kilo 8 zuwa 10 a yini. Daren hunturu kuwa dogo ne. In aka rufe shi ƙarfe 5 na yamma ya cinye rabonsa kafin ƙarfe 9, zai kwana da ciki wayam, tumbinsa kuma ba ya daina zubo ruwa mai tsami, nan gyambon ciki ke samun ƙofa. Sai mu zuba ciyawar a raga mai ƙananan ramuka don ya riƙa tsinta kaɗan-kaɗan. Ido kuma ba abin dogaro ba ne a wannan lokaci, gashi yana ɓoye rama. Da tafin hannu ake shafa haƙarƙari. Tsohon da ka ga yana zubar da dunƙulen ciyawa taunanniya daga baki, haƙoransa ne ke neman likita, kuma gara a yi yanzu da a jira Janairu.

Amma in kuka tambaye ni abin da ya fi hana ni barci, ruwan sha ne. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 a yini. Ɗanyar ciyawa kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, ingirici kuwa ɗan abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. To ga shi an ɗauke shi daga fili an koma ba shi busasshe, ga ruwa ya yi sanyin da yake ƙyamar sa baki, ga kilisa ta ragu saboda santsi. Sai abinci ya cushe a hanji ya tsaya cik. Doki ba ya iya amai, don haka murɗar ciki a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne. Za ka gan shi yana tonon ƙasa da kofato, yana waiwayar kuiɓinsa, ya kwanta ya tashi, ya yi birgima. Kafin a kai nan akwai alamar da ta riga: kashinsa ya ragu, ya bushe, ya yi ƙanana. Mai sharar barga ne ke fara ganin wannan, in yana kallon abin da yake kwashewa.

Saboda haka safe da yamma sai mun fasa ƙanƙarar kwami, mu tsame ɓaraguzan mu zubar, don in an bar su nan da nan ruwan ke sake daskarewa. Muna surka bokiti da ruwan zafi, kuma bambancin a fili yake, sun fi sha in ya yi ɗumi-ɗumi. Dunƙulen gishirin lasa ba ya yankewa a kowane ɗaki. Bututun famfo mun naɗe su da soso, tiyo kuma a tsiyaye shi a rataye kowace yamma, a cika jarkoki a ajiye ciki, ko da za a wayi gari famfo ya ƙi. Kada wani ya ce ai ga dusar ƙanƙara nan zai lasa. Ba ta kashe masa ƙishi.

Sai iska. Zuciya takan raya wa mutum ya rufe ƙofa da taga ruf don kada sanyi ya shiga, nan kuwa huhun doki ake kashewa. Zarnin fitsari da ƙurar ciyawa su taru, tari ya biyo baya, wani har ya zama asma ta dindindin. Rabin ƙofa na sama a buɗe yake kwana a wurinmu. In ina son sanin gaskiyar ɗaki, durƙusawa nake yi daidai inda hancinsa yake in ya kwanta. In idona ya yi yaji, shimfiɗar ta isa canji. Mai tari kuma jiƙa masa ciyawa ake yi kafin a ba shi.

Aikin farfajiya ba shi da wuyar fahimta, yawa ne da shi. An kwashe ganyen da ya toshe indararo da magudana, an liƙe rufin da ke yoyo, an canja ƙwan fitilar da ya mutu, an tanadi yashi da gishiri na barbaɗawa a hanya. Ba a watsa ruwa a daɓe da yamma, don da safe gilashi zai zama, kuma doki in ya zame ya faɗi a kan siminti Allah kaɗai ya san yadda zai tashi. Hatsi ya koma durom mai murfi saboda ɓeraye, su ma sanyi ke koro su. Na'urar ɗumama ɗaki ba ta kusantar rumbun ciyawa ko da wasa.

A ƙasar nan taɓo ya fi ƙanƙara yawa. Bakin ƙofar fili, inda dawaki ke cirko-cirko suna jiran abinci, kan koma caɓi har idon sawu, shi ya sa muka zuba tsakuwa tun ƙasa tana da tauri. Fatar da ke sama da kofato in ta daɗe a jiƙe sai ta tsattsage ta yi miki. Na ga amfanin barin taɓon ya bushe a goge da buroshi, fiye da wanke ƙafa kullum a bar ta da lema. Kofato kuwa kullum sai an sakace shi. In ka ji wari, ka ga baƙin ruwa a tsagar tsakiya, ruɓa ta fara. Ranar da dusar ƙanƙara ta zuba takan dunƙule a cikin takalmin ƙarfe har doki ya riƙa tafiya kamar a kan ƙwallo, sai mu shafa masa Vaseline a tafin kofaton kafin ya fita.

Makon jiya muka killace kusurwar fili inda wata bishiya da ake kira sikamo (sycamore) take zubar da 'ya'yanta masu fukafuki. Akwai guba a cikinsu mai lalata tsoka, fitsarin doki ya koma baƙi-baƙi, kuma mafi yawan waɗanda ta kama ba sa tashi. An kuma kai kashin kowane doki gwaji saboda tsutsar ciki, likitan dabbobi zai faɗi wanda za a ba magani. Abin da ya rage mana shi ne motar ingirici ta ƙarshe, gobe da sassafe za ta iso, sai mun jera dammunan a kan katako don kada su ja danshi daga ƙasa.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.

Naku,
ɗan uwanku a barga