Na je Bonwire na ga masaƙan kente

Tun ina yaro nake kan masaƙa, yau ga shi ni ke koya wa wasu, amma kullum burina in ga yadda ake saƙa kente, tufar gargajiyar Ghana, da idona ba a hoton waya ba. Daga birnin Kumasi na Ghana muka hau tro-tro, wato ƙaramar bas ta haya, muka bi ta Ejisu, tafiyar ba nisa, kafin ka gama gyara zama an iso Bonwire, garin masaƙan kente.

Tun daga waje kake jin ƙarar, ƙwas ƙwas ƙwas, ƙoshiya na kai da komo. Maza ne zalla, kowa ya shige cikin masaƙarsa, zaren wadari ya miƙe can gaba an danne shi da dutse, igiyoyin takawa kuma a saƙale tsakanin yatsun ƙafa, wallahi ƙafa da hannu kamar suna hira. Ƙyallen siriri ne, faɗinsa wajen inci 4, sai an haɗa kusan 24 kafin a samu mayafin namiji guda ɗaya. Kowane zane da sunansa, irin su Oyokoman na gidan sarautar Asante. A da can ma, a shekarun 1700, warware yadin siliki na Turawa suke yi su zare zaren su saƙa nasu.

Ni dai abin da ya kai ni koyarwar ce. Akwai wani dattijo da na tsuguna gefensa, ta bakin tafinta na ce Baba, da me kuke fara wa yaro? Bai ko ɗago ba, ya nuna min wani ɗan yaro a lungu yana naɗa zare a kwarkwaro, ya ce ya iya wancan tukuna. Daga nan saƙa marar ado, sai hannu ya faɗa sannan a bar shi ya taɓa ado, inda ake ɗaga zare da yatsa ana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, ka ɓata ɗaya duk layin ya karkace. Gaskiya wannan haƙurin ya shige ni, don yaran yanzu so suke ranar farko su fitar da zane.

A Disambar 2024 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa kente cikin jerin al'adun duniya, duk da haka na inji da ake bugawa a yadi ya cika kasuwa, abin na min ciwo sosai. Ƙyalle ɗaya na saya na hannu, ɗalibaina za su zauna su ƙirga zarensa da kansu.