Godiyata ga duk wanda ya tsaya mini a jinyar idona

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na Damagaram da na nesa.

Ranar Juma'ar da ta wuce mun yi 'yar sadaka a gidanmu na Garin Malam, malamai suka sauke Alƙur'ani, aka raba masa da fura. Da yawanku kun zo, wasu sun aiko, wasu kuma sai daga baya suka ji suna ta yi mini ƙorafin ban faɗa musu ba. Ku yi haƙuri. Dalilin sadakar shi ne ranar Litinin likitan ido ya duba ni, ya ce shekara guda ke nan cur bai ga kumburi a idanuna ba, kuma wata shida ke nan rabona da ƙwayar kortizon, maganin kwantar da kumburi. Alhamdu lillahi. Bakina ba zai iya zagaya gida gida ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, da idona, ba tare da an riƙe mini waya ba.

Wata goma sha takwas ke nan da abin ya fara. Ciwon kai ne ya fara zuwa, irin wanda ke sauka har wuya, sai kunnena ya riƙa ƙara kamar an bar rediyo babu tasha. Bayan kwana kaɗan idanu biyun suka yi ja. Lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe gari, kowa ya ce afolo ne. Ni ma haka na ɗauka. Na sayi maganin ɗigawa wajen mai tebur, na sa kwalli, wata ta kawo mini ruwan wani ganye na wanke. Ranar da na san ba afolo ba ne ina kan keke ina ɗinka wa wata amarya shadda. Na dubi layin ɗinkin na ga ya karkace, na warware na sake, ya sake karkacewa. 'Yata ta leƙo ta ce, "Mama, ai a miƙe yake." Na ɗaga kai na dubi ƙofar ɗaki, ita ma na gan ta a lanƙwashe. Ban sake taɓa keken nan ba sai bayan wata bakwai.

Godiyata ta farko bayan ta Allah ga likitan ido ce da ma'aikatan sashensa a babban asibitin Damagaram. Ba zan kama suna ba don ban nemi izini ba, amma sun san kansu. Ya sa na ɗora haɓa a kan na'urar nan mai siririn haske, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce kumburi ne a cikin idon, a shimfiɗar tsakiya mai ɗauke da jijiyoyin jini da launi, kuma ruwa ya taru a ƙarƙashin fatar gani ta can baya, shi ya sa layi ke lanƙwashe mini. Maigida ya ce to a rubuta magani. Likita ya ce a'a, sai an yi awo tukuna. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka nemi tarin fuka, da tunjere, da sida, da ciwon hanta. A lokacin raina ya ɓaci, ina ganin ana ɓata mini kwanaki da kuɗi, ni da ido ke ciwo me ya haɗa ni da ƙirji? Daga baya na gane. Kumburin ido iri biyu ne, akwai wanda ƙwayar cuta ke kawowa, akwai wanda jiki da kansa ke tayarwa. Maganin na biyun rage ƙarfin garkuwar jiki yake yi, in kuwa aka ba mai tarin fuka a ɓoye, an buɗe wa cutar ƙofa ke nan.

Nawa na biyun ne. Yadda ya kwatanta mini shi ne, dogaran fada ne suka ruɗe suka juya bulala kan 'yan gida. Garkuwar jikina ce ke kai wa ƙwayoyin launi hari, kuma da yake akwai su a ido da kunne da fata da gashi, duk can abin ke taɓawa. Sunan ciwon Vogt-Koyanagi-Harada, sunayen likitoci uku ne, ɗaya ɗan Suwis, biyu 'yan Japan. Har yau ban iya faɗinsa daidai ba, a gidanmu "ciwon Harada" ake cewa, Inna uwar mijina kuwa "haradu" take cewa, mu yi ta dariya.

Aka sa ni kan kortizon, miligiram 60 kowace safiya, da na ɗigawa kusan kowace awa a farkon, da wani mai buɗe ƙwayar ido don kada ta manne. Cikin sati biyu duniya ta dawo. Wallahi na ɗauka an gama. Amma kortizon baƙo ne mai daɗin zuwa, mai wuyar zama. Fuskata ta cika ta yi zagaye, ci ya buɗe, barci ya ƙaurace, ina faɗa da yara kan abin da bai kai ya kawo ba. A wajen wani suna mata suka riƙa yi mini barka a kunne, sun ɗauka juna biyu ne da ni. Na yi murmushi na dawo gida na yi kuka. Da aka auna hawan ido, wato matsin ruwan cikinsa, aka samu na hagu ya kai 32, alhali bai kamata ya wuce 21 ba, sai aka ƙara mini wani na ɗigawa don a sauko da shi. Ga yana kuma ta fara leƙowa a idon. Da likita ya fara rage ƙwayar a hankali, muna isa 15 kumburin ya dawo.

A nan ne ya tura mu Yamai a ɗauki hoton bayan ido, a kuma ji ta bakin wani abokin aikinsa. Kusan kilomita 900 a kar, Maraɗi, Ƙonni, Dogondutsi, Doso, ina rufe da baƙin gilashi don haske na soka mini ido. Yaya, kai da matarka kun sauke mu kwana tara, kun ba mu ɗakinku kun koma falo, Allah Ya saka da Aljanna. Likitocin biyu bakinsu ya zo ɗaya. Ba a barin mutum wata da watanni kan kortizon mai yawa, in ba a iya sauko da shi ƙasa da 10 ba tare da kumburi ya dawo ba, sai a kawo magani mai danne garkuwa da zai karɓi aikin. Suka zaɓa mini metotireksat.

Da maigida ya karanta takardar cikin kwalin ya ga an ambaci ciwon daji, sai ya yi shiru, ya fita waje. Ya ɗauka ana ɓoye masa wani abu ne. Gaskiya ne maganin an fara shi ne don ciwon daji, amma abin da ake ba irina kaɗan ne ƙwarai, kuma sau ɗaya a sati. A nan nake so ku tsaya, don wannan ne abin da aka fi nanata mini har na gaji da ji. Sau ɗaya a sati, ba kullum ba. Wanda ya sha shi kullum bisa kuskure zai iya rasa ransa. Ni ƙwaya shida nake sha ta 2.5 a daren Alhamis, daga baya aka kai takwas, sauran ranakun kuma na sha folik asid don ya rage mini laulayi. Na zaɓi Alhamis don Juma'a ba na aiki sosai, na samu na kwanta da tashin zuciyata.

Mai lissafin nan kuwa 'yata ce, 'yar shekara goma sha ɗaya. Ta yago takarda daga littafinta na lakkol, ta ja layuka da biro, ta manna bayan ƙofa da ƙullun tuwo. Duk daren Alhamis bayan isha za ta ƙirgo ƙwayoyin a tafin hannunta, ta ƙirga sau biyu da ƙarfi, ta tsaya sai na haɗiye, sannan ta je ta sa alama. Takarda ta huɗu muke kai yanzu. Na adana sauran ukun a akwati. 'Yata, in kin girma kin karanta wannan, ki sani kin biya nono.

Abin da ya fi wuya ba ƙwayar ba ce, jiran ne. Maganin nan ba ya nuna aikinsa sai bayan wata biyu ko uku, wani ma har shida. Ka sha, ka yi amai, ka je awon jini duk wata a duba hanta da ƙwayoyin jini, ka biya, kuma ido na nan yadda yake. A tsakiyar wannan ne gashin idona na dama ya yi fari fat, farin tabo ya fito mini a gefen goshi. Likita ya riga ya ce hakan na iya faruwa, ciwon ne ke cin launi, ba ya yaɗuwa ga kowa. Amma gari ba likita ba ne. An ce sammu, an ce jifa, an ce kuturta ce ke sallama. Akwai wadda muka shekara goma muna cin tuwo kwano ɗaya, ta fara cewa ta ƙoshi. Na yafe mata, ban dai manta ba. Sau biyu na ce na daina shan maganin. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya zo ya zauna bakin gado ya ce, "Yaya, an yi bincike a ƙasashe biyar, har da Indiya da Saudiyya, an buga shi a 2019, kusan biyu cikin uku na waɗanda aka ba wannan maganin kumburinsu ya kwanta cikin wata shida. Ke wata nawa kika yi?" Na ce uku. Ya ce to ki cika shidan sannan mu yi magana. Na gode, autanmu.

Yanzu sai uwar mijina. Inna, na san ba ki karatun boko, amma za a karanta miki. Metotireksat ba ya haɗuwa da ciki, yana zubar da shi ko ya nakasa ɗa, ba a kuma shayarwa a kansa. Dole muka shiga tsarin tazara, kuma ko an daina sai an jira wasu watanni da izinin likita. Ina da 'ya'ya biyu, autan ya shekara huɗu, kun dai san irin maganar da ke tashi. Wasu har gida suka same ki, wai ɗanki ya ƙara aure tunda wannan ga makanta ga tsayawar haihuwa. An faɗa mini amsar da kika ba su, kin ce, "Ni ido na aika a nemo mini, ba jika ba." Ke ce kika dawo gidanmu wata uku kina girki, ke ce ke tashina in ɗiga magani da asuba. Ban da abin biyanki.

Ina kuma godiya ga mai farmasin unguwarmu, kuma a nan akwai abin da ya kamata kowa ya ji. Wata rana cikina ya ɓaci, aka sayo mini Bactrim wajen mai talla, yadda muka saba. Allah Ya sa yaron da aka aika ya biya farmasi karɓo folik asid ɗina da ƙwayar a hannunsa. Mutumin nan ya bar kantinsa ya hau kabu-kabu ya zo har ƙofar gida ya ce kada in kuskura. Ashe haɗa Bactrim da metotireksat na iya durƙusar da ɓargon da ke ƙera jini. Tun ranar ko na ciwon jiki ne, irin su diklofenak da ibufurofen, ba na sha sai na tambaya. Zazzaɓi kuma ba na jiran ya kwana, gyambon baki ma haka, don mai shan irin wannan magani ƙaramar cuta na iya yi masa girma.

Matan adashinmu, kun ba ni kwasa biyu a jere ba layina ba, babu wadda ta ɗaga murya. Abokan maigida na Kasuwar Dole, kun haɗa abin da ya kai mu Yamai ya dawo da mu. Direban da ke taho mini da magani duk lokacin da ya yanke a nan, ko dala bai taɓa karɓa ba. Limamin masallacinmu, wanda da aka kai masa maganar sammu ya ce a yi addu'a a kuma ci gaba da na asibiti. Masu kayan da ɗinkinsu ya kwana a hannuna har Salla ta wuce, wasunku ko kuɗin kafin alƙalami ba ku nema ba. Allah Ya biya kowa da mafificin alheri. Maigida kuwa ya hana ni sa shi a nan, don haka ban sa shi ba, sai dai ku tambaye shi ina babur ɗinsa.

Masu tambaya ko na warke, amsar ita ce ciwon ya kwanta, magani ne ke danne da shi. Likita ya ce sai ido ya yi kamar shekara biyu lafiya lau kafin a fara maganar ragewa, kuma shi zai rage, ba ni ba. Da bai yi aiki ba akwai wasu a gaba, azatiyofirin, mikofenolat, har da wata allura adalimumab da aka amince da ita don irin wannan ciwo a Amurka a 2016, ana yin ta duk sati biyu. Ita sai an ajiye a firigo, ga tsada, ku kuma kun san halin kuran a garin nan lokacin zafi. Allah Ya hutar da mu. Yanar idon hagu tana nan, za a cire ta idan lokaci ya yi. Farin gashin ido ma yana nan, na daina shafa masa kwalli don in ɓoye.

Wanda na ɓata wa rai lokacin da kortizon ke hawa kaina, don Allah ya yafe mini. Na buɗe shago tun watan jiya, daga safe zuwa la'asar. Baƙin zare a kan baƙin yadi da daddare ne kawai na daina karɓa, kada wadda ta kawo ta ji haushi. Wata mai zuwa ina da awon jini da randebu wajen likita, ku sa ni a addu'a.

Wassalamu alaikum.