Ai Ina Faɗa Mata

Gidan Hajiya ya cika maƙil. Hutun ƙarshen shekara ya kwaso kowa da kowa, Yaya Babba da iyalinsa, Anti da 'yan makarantarta, har Gwaggo da aka ce ba za ta samu zuwa ba sai ga ta da hantsi. Takalma sun yi tsibi a ƙofar falo, duk wanda zai fita sai ya yi lalube kafin ya gane nasa. Ni dai na tashi raina fes. 'Yan matan Anti sun karɓe min Nana tun da sassafe, ita kuwa in dai yara ne ba ta da matsala da su, na shiga wanka na fito babu mai bubbuga min ƙofa yana kuka. Har man shafawa na shafa a zaune.

An kawo mata kayan wasa kala-kala. Ba ta kalli ko ɗaya ba, kwalin da aka zubo su a ciki ta runguma, ta shiga ta fita, ta kifa shi a ka tana dariya. Na karɓi wata 'yar mota mai waƙa na duba murfin batirinta, na ga ba a ɗaure shi da ƙusa ba, kuma irin ƙaramin batirin nan ne mai kama da maɓalli, na ɗora ta can saman firji. Balan-balan ɗin da yaran suka hura kuwa, duk wanda ya fashe sai na bi ƙasa ina tsince gutsattsarinsa, don komai ta gani baki take kai shi.

Bayan an ci abincin rana kowa ya baje a falo, Gwaggo ta miƙo hannu. "Zo nan, kishiyata, in gan ki da kyau." Nana ta tsaya ta ƙare mata kallo, leɓenta ya fara rawa, ta juya ta cusa kanta a wuyana ta ƙanƙame min riga. Na ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo, ƙiwa take yi kwana biyu." Gwaggo ta yi dariya ta ce ai ta sani, duk haka suke yi. Wannan bai dame ni ba. Rabon da ta ga Gwaggo tun tana jaririya, kuma a shekarunta ɗin nan ne ƙiwa ke yin tsanani, yaro ya riga ya tantance nasa da baƙo. Ko Yaya Babba da take gani a waya kullum bai samu ta je hannunsa ba.

Ana cikin haka Baffa ya saki gwiwar uwarsa ya ratso falon da ƙafarsa, hannuwa a sama, yana tangaɗi har ya isa wurin kakarsa. Aka ɗau tafi da shewa. Ni ma na tafa, don abin ya yi kyau, yaron ya ba da dariya.

Gwaggo ta juyo. "Wai wa ya girmi wani a cikinsu?"

Uwar Baffa ta ce Nana ce babba, da wata biyu.

"Watanta nawa ke nan?"

Na ce 13.

"Kuma har yanzu ba ta taka ba?"

Na ce, "Tana miƙewa da kanta, Gwaggo. Tana bin kujera daga wannan gefe zuwa wancan, wani lokaci ma ta saki hannu ta tsaya."

"Bin kujera ai ba tafiya ba ne, 'yar nan. Hannu ne ya yi mata yawa. Yaron da kullum yana saɓe a kafaɗa yaushe ƙafarsa za ta yi ƙwari?"

Na yi murmushi na sunkuyar da kai, don ba yau na fara jin irin wannan ba, kuma Gwaggo in ta faɗi tata ta wuce wurin. Da maganar ta tsaya nan da ban buɗe littafin nan da daddare ba. Baban Nana yana kishingiɗe a doguwar kujera, idonsa a kan waya, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ai ina faɗa mata."

Aka yi dariya. Wani ya canza tasha, hira ta koma wani wuri.

Ni kuwa na kasa barin wurin. Yaushe? A wane ɗaki, da wane baki ya taɓa faɗa min? Mutumin da in ya dawo daga aiki ko jaka ba ya ajiyewa sai ya sure ta, mutumin da ke yawo da ita a kafaɗa yana nuna mata fanka da agogo har hannunsa ya gaji. Ko ƙyas ta yi cikin dare shi ne mai cewa in ɗauke ta kada ta shiƙe. Ban taɓa ganin laifin wannan ba, ina ma jin daɗinsa. Amma yau a gaban mutum goma sha ya tattara abin ya ɗora min, shi ya koma gefen masu gyara.

Na lura da wannan tun ba yau ba, in muka shigo gidan nan sai ya sauya. A gidanmu uban yarinya ne, ya san inda kayanta suke, ya san kukan yunwa da na barci. Da ya tsallako ƙofar Hajiya sai ya koma ɗan gida, ya miƙe ƙafa, a kawo masa a ɗauke masa, duk abin da babba ya faɗa ya ce haka ne. Ba mugunta ba ce, sauƙi yake nema. Sai dai sauƙin nasa na yau da ni aka saye shi.

Ban gama haɗiye wannan ba Gwaggo ta kira babban yaron Anti ta ba shi makullin mota, ta ce ya ɗauko wani kaya a but. Ya shigo da ƙaton kwali. Keken koyon tafiya ne, irin mai zagaye da tayoyi, wanda ake zura yaro a tsakiya ƙafafunsa na lilo. Ruwan hoda, da ƙararrawa da madubi a gaba. Ta ce, "Ga maganin abin. Sati biyu za ki ga tana gudu."

Na durƙusa na yi godiya, na ƙara godiya. Amma a raina wani lissafi nake yi. Wannan keke ba yanzu aka saye shi ba, da shi ta taho daga gida. Ke nan tambayar wata nawa da ta yi ta riga ta san amsarta. Tun kafin ta iso an zauna a wani wuri, ko an yi waya, an yi maganar ƙafar 'yata ba na nan. Na kalli Hajiya, tana ta gyara wa Baffa riga. Na kalli uwar Baffa, tana kallon talabijin. Kowa fuskarsa wasai.

Abin da ke bakina da yawa, ko ɗaya bai fito ba. Ai na karanta, duk uwar da ke farkawa shayarwa ƙarfe biyun dare da waya a hannu ta karanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi ɗaruruwan yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Yaro lafiyayye na iya fara tafiya shi kaɗai tun daga wata 8 da ɗoriya har zuwa wata 17 da rabi. Sama da wata tara ke tsakanin mai sauri da mai jinkiri, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau. Baffa yana ciki, Nana tana ciki. A cikin yaran ma akwai 'yan kaɗan da ba su yi rarrafe ba sam, daga zama sai tsayuwa. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta a awon da ya wuce ita ma abin da ta ce ke nan, tunda tana miƙewa tana bin bango a ƙyale ta, in ta kai wata 18 ba ta taka ba sai a dawo a duba.

Shi kuwa keken, ba ya koya wa yaro tafiya. Abin da mai koyon tafiya yake nema shi ne ya iya riƙe nauyin jikinsa a kan tafin ƙafa, ya yi tangal-tangal ya gyara, ya faɗi zaune ya sake tashi. A cikin keke kujera ce ke riƙe da shi, da kan yatsu yake tunkuɗawa, ko ƙafar tasa ba ya gani. Ga gudu, yaro a ciki na iya cin kusan mita 1 a daƙiƙa 1, kafin ki ajiye abin da ke hannunki ya isa bakin matakala ko ya janyo abu mai zafi da a da hannunsa ba ya kaiwa. Kanada ta haramta sayar da shi da shigo da shi tun 2004, har wanda aka yi amfani da shi ba a yarda a sayar ba. Likitocin yara a Amurka sun daɗe suna neman a yi haka a can.

To wa zai tsaya gaban Gwaggo yana karanto mata Kanada? Matar da ta raini 'ya'yanta ta raini na wasu, har uban yarinyar ya yi zama a hannunta. Kuma tsakani da Allah da kuɗinta ta saya, da niyyar alheri ta ɗauko shi ta yi doguwar tafiya da shi. Maganarta ma ba duka ce banza ba, yaro yana bukatar a sake shi a ƙasa ya motsa, ita hukumar lafiyar ma awa 3 ta ce a yini ga ɗan shekara ɗaya, kuma kada a ɗaure shi a kujera ko keke fiye da awa 1 a jere. Da dai Gwaggo ta ɗaga wandon Nana ta ga gwiwoyinta da suka yi baƙi don rarrafe.

Aka haɗa keken nan take, maza uku a kansa ana gardamar wace ƙusa ce ta ina. Aka ce a sa ta a ɗauki hoto. Ina zura ta ta sandare, ta ɗaga hannuwa tana kallona, sai ta ɓare baki da irin kukan da ke fara fita babu sauti. Ƙafafunta ko ƙasa ba su gama kaiwa ba. Yaran suna kaɗa mata ƙararrawa, ana ta "ke Nana, kalli nan". Hajiya ce ta ce, "Ku cire ta, barci take ji." Ta kuma sa aka kai keken ɗakin ajiya, wai falon da tudu a bakin ƙofa kada yaran su tura juna. Na ji daɗin hakan. Na kuma tuna ita ce ke waya da Gwaggo duk mako. Duka biyun suna raina har yanzu, ban san wanne zan riƙe ba.

Barcin rana ya lalace, ba sai an faɗa ba. Ɗaki ɗaya muke da kaya da akwatuna, ƙofa ba ta minti biyar a rufe, wannan ya shigo neman caja wancan ya shigo neman hula. Ta yi kamar rabin awa ta tashi. Yarinyar da ya kamata ta samu awa 11 zuwa 14 tsakanin dare da rana. Ga dasashinta na baya ya kumbura, ina jin turame ne ke tafe, yawu har wuya.

Da yamma an fita tsakar gida, yaran suna guje-guje tana bin su da rarrafe tana ihu. Na zauna ina kallon ƙafarta, yadda take dasa ta, ko ta dama na juyawa waje. Jiya ban san da wannan kallon ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi a duk yinin, an sa na zauna ina auna yarinyar da lafiyarta lau.

Sai da kowa ya kwanta, ita ma ta yi barci da ƙyar, sannan na ce masa, "Baban Nana, yaushe ka taɓa faɗa min?"

"Faɗa miki me?"

Ya manta. Wallahi ya manta, ba wasa yake ba. Sai da na maimaita masa kalmominsa, da muryarsa, da yadda ya riƙe wayar. Ya yi dariya ya ce, "Haba, magana ce kawai. Don ta bar zancen na faɗa."

"Ta bar shi a kaina ai."

"Kin san Gwaggo."

"Na san Gwaggo. Kai nake tambaya."

Ya yi shiru. Can ya ce in yi haƙuri, da muryar mai son a kashe fitila. Na ce na haƙura, amma keken ba zai shiga motarmu ba, kuma shi zai yi wa Gwaggo bayani, ba ni ba. Ya ce sai an bi a hankali, kada ta ga kamar an raina kyautarta. Na ce ya bi ta duk hanyar da ya ga dama, gwaggonsa ce. Ya ce to, Allah ya kai mu. Kafin in gama ninke kayanta har ya fara minshari.

Gobe an shirya fita da yara wurin wasa, har da Gwaggo za a je. Na riga na gaya wa Hajiya ina da wanki, ba ni zuwa. Na haɗa jakar Nana na ajiye a kan takalminsa. Shi zai ɗauke ta yinin nan, a kafaɗa, a gaban kowa.