Wanda ke ƙasan rafi ba ya cikin lissafi

A kwas ɗin tarihin kimiyya da muhalli da muka yi lokacin karatun aikin gona, malaminmu ya fi daɗewa a kan madatsun ruwa, domin ƙarni na 20 ƙarninsu ne. Amurka ta gama ta Hoover a 1936, Masar ta kammala babbar madatsar Aswan a 1970. Mu nan aka buɗe Kainji a 1968, sai Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da fari ke cin yankin Sahel. Duk wanda ya ga shanu suna faɗuwa a wancan fari ba zai yi jayayya da tara ruwa ba, ni ma ban yi ba.

Abin da na ɗauka daga kwas ɗin shi ne yadda ake yin lissafin. Injiniya yana tsaye ne a bakin dam, sai ya ƙirga kadada nawa za a shayar da buhu nawa za a girbe. Aswan ta ba Masar wutar lantarki, ta kuma hana ambaliya, amma laka mai albarka da Nilu ke shimfiɗa wa gonaki duk shekara ta maƙale a bayan bango, manomi ya koma sayen taki. Nubiyawa dubbai kuma aka tashe su daga garuruwansu.

Namu ya fi kusa. Ruwan Tiga ne ya raya noman rani a Kadawa da Kura, tumatir da shinkafa da alkama, wannan ba mai musu. To amma kogin ba a Kano ya tsaya ba, yana gangarawa Haɗeja, Nguru, har Gashuwa. Can mutane sun saba ruwa ya malalo da damina ya cika fadama, in ya janye masunta su kama kifi, manoma su bi danshi su shuka, makiyaya su shigo da dabbobi. Da aka ƙara dam ɗin Challawa a 1992, malalar ta ragu, ruwa kuma ya koma zuwa kaɗan-kaɗan har da rani. Kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu yadda take so. Na ga inda ta toshe hanyar ruwa har kwale-kwale ba ya ratsawa, maza tsamo-tsamo cikin ruwa suna sara da adda, bayan 'yan watanni ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. A cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana, shi ya sa za ka tarar da yara tun asuba a gonar shinkafa suna kaɗa gwangwani.

Masana tattalin arziki da suka auna a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwa ya fi kawo amfani idan aka bar shi ya malala a fadamar, fiye da in aka zuba shi a manyan gonakin ban-ruwa na sama. Kifi da kiwo da itace ba sa shiga rahoton ofis ne kawai.

Yanzu in aka kawo mini takardar wani shirin ban-ruwa, ko da na injin ruwa goma ne a bakin rafi, nakan fara da tambayar su wa ke ƙasa, da me suke yi da ruwan a watan da za a tare shi. Wasu abokan aiki na ganin jan ƙafa ne. Amma wannan tambayar ce ta sa mutanen Yobe da Borno suka yi shekaru suna adawa da dam ɗin Kafin Zaki da ake son ginawa a kan kogin Jama'are.