Abin da ya sa talibambam ɗina yake zaune shi kaɗai

Shekara takwas ke nan ina sana'ar kifin ado a Sabon Garin Zariya. Ina haɗa akwatunan gilashi, ina sayar da kifi da abincinsa da famfon iska, ran Asabar kuma in zagaya gidajen masu saye a Samaru da Tudun Wada in wanke musu akwati. Kayan daga Legas suke zuwa mini a motar dare cikin ledoji, in tare su a Kwangila da asuba.

Makon jiya wani Alhaji ya shigo shago da ɗansa. Yaron ya liƙe a gaban akwatin da ke kusurwa. Talibambam, kifin nan mai kumbura kamar ƙwallo, ya matso daf da gilashi, yana juya ido ɗaya ya bar ɗayan a kan yaron, kamar mai son a gaisa. Alhaji ya ce, "Malam, sa mini wannan a leda, mu zuba shi cikin na falo." Na tambaye shi me ke cikin na falon. Ya ce ƙananan kifaye masu dogon jela, sun kai goma sha biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sayar maka ba. Kafin sati ya zagayo ba sauran mai jela a cikinsu."

Ba ji na yi ba, gani na yi. A shekarata ta farko aka aiko mini da ɗan ƙarami, bai wuce babban yatsa ba, na zuba shi cikin akwatin da nake ji da shi. Kwana uku lafiya lau. Ran na huɗu na buɗe shago na tarar da kifaye biyu a ƙasa, an gutsure musu ciki kamar da almakashi, sauran sun taru bayan dutse, jela duk a yage. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni na jefa su cikin wannan hali.

Mutane kan ɗauka matsalar ta ruwa ce, wai kifin teku ne. Wannan namu ɗan gida ne. Yana rayuwa a kogin Neja da tafkin Chadi da kogin Nilu, masunta sun san shi sarai, kuma ba ya buƙatar gishiri. Halinsa ne matsalar, da bakinsa. Haƙora huɗu gare shi, manne da juna kamar bakin aku, kuma ba sa daina tsiro. Da su yake fasa dodon koɗi da ƙaguwa. Idan aka ciyar da shi abinci mai laushi kawai, haƙoran su yi tsawo har ya kasa buɗe baki. Shi ya sa nake kiwon dodon koɗi a bahon roba bayan shago. In na jefa masa ɗaya, daga bakin ƙofa kana jin ƙarar fashewar katantanwa. Ga girma: yana wuce santimita 40, sai akwatin ɗaruruwan lita.

Akwai danginsa da ba su kai shi faɗa ba. Na kogin Amazon, wanda bai cika wuce santimita 8 ba, yana son zama cikin 'yan'uwansa, amma shi ma yana cizon jelar kifi mai sanyin iyo. Ɗan mitsitsin nan na Kerala a Indiya, mai santimita 3 ko ƙasa da haka, ruwan daɗi yake so, sai dai gara a ware masa akwati mai ciyayi da yawa. Wanda ya fi cutar masu saye shi ne koren nan mai ɗigon baƙi. Ana sayar da shi a ruwan daɗi yana ƙarami, alhali in ya girma sai da ruwa mai gishiri, in ba haka ba a hankali zai lalace.

Sannan ga wahalar garinmu. Ruwan talibambam ɗina yana son ya zauna tsakanin digiri 24 zuwa 28, kuma kowa ya san sanyin hunturun Zariya. In an ɗauke wuta, hita da matatar ruwa su tsaya tare, shi kuwa ba ya jure dattin ruwa. Dole ta sa na haɗa sola. Ba na kuma kama shi da raga, da kwano nake ɗebo shi cikin ruwansa, don in ya kumbura a waje iska yake haɗiya, wani lokaci ta ƙi fita. Duk yaron da ya roƙe ni in tsokane shi ya kumbura ya gani, ina hana shi, don tsoro ne ke sa shi hakan.

Alhaji ya ɗan yi shiru, sannan ya tambayi kuɗin akwati na daban. Jiya na je gidan na auna bangon falo, ran Laraba zan yanko gilashi.