Daɓen katako a Sent Pol

A shekara ta shida da zuwana Amurka muka sayi gida a birnin Sent Pol na jihar Minesota, tsohon gida irin waɗanda aka gina a shekarun 1920, kuma abin da ya fara damun maiɗakina a cikinsa shi ne kafet ɗin falo, wanda ya sha warin karen masu gidan na da. Ta ce ba za ta shimfiɗa sallaya a kansa ba, ni ma ban yi mata musu ba. Da muka yaye shi, sai muka tarar an riga an cire daɓen asali, babu komai a ƙasa sai filawud.

Na kira kafinta ya duba, kuma kuɗin da ya yanka ya sa na nemi wurin zama, domin ladan aikinsa ya zarce kuɗin katakon kansa. A Kano da sai in je 'Yan Katako a Na'ibawa in sayi kaya, in samo mai aiki, mu yi ciniki, ni kuwa in koma inuwa ina duba agogo. Maƙwabcina, wani dattijo Bature da ya yi ritaya, shi ya tambaye ni abin da zai hana in yi da kaina. Da farko na ji kamar raini ne, saboda na taso a inda ma'aikaci mai albashi ba ya durƙusawa da guduma a gaban iyalinsa, amma a unguwar nan likita da lauya duk haka suke yini ranar Asabar.

Na sayi katakon jan oak, mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci da faɗin inci biyu da kwata, kowane sanda da harshe a gefe ɗaya da kwari a ɗaya gefen, yadda za su shige juna. Ina ɗokin farawa, sai dattijon ya hana ni, ya ce a buɗe ƙunshin a bar katakon ya kwana goma a cikin falon har laimarsa ta daidaita da ta gidan. Wannan bai zame mini baƙon abu ba, don kowa ya san yadda ƙofar katako ke kumbura ta ƙi rufuwa da damina, ta kuma motse da hunturu. A nan abin ya fi tsanani, saboda na'urar ɗumama gida tana busar da iska watanni da dama, sannan bazararsu ta zo da laima. Shi ya sa ake barin rata ta kusan kaurin katakon a gindin kowane bango, a rufe ta da ƙyallen katako daga baya.

Layin farko ya ci mini rabin yini, domin bangon tsohon gida ba ya miƙewa, sai da muka ja zare mai alli muka bi shi. Sauran kuwa juriya ce kawai: a jera sandunan a gicciye da ginshiƙan da ke ƙarƙashi, a tabbatar mahaɗar wannan layi ba ta yi kusa da ta na gaba ba, a ɗora injin ƙusa da na yi haya, a buga masa guduma ya cusa ƙusa a karkace ta cikin harshen, inda ido ba zai gan ta ba. Kwana uku na yi a durƙushe, har ruku'u ya koma yi mini wuya.

Wurin gogewa ne na yi ɓarna. Injin gogewar nauyi gare shi, ana farawa da takarda mai kaushi lamba 36, a bi da 60, a ƙare da 100, kuma dokarsa ɗaya ce, kada a tsaya wuri guda yana taɓa katako. Wayata ta yi ƙara, na dakata in duba, kafin in ankara ya tona kwari kusa da taga, wanda yanzu doguwar kujera ce ke rufa mini asiri a kansa. Daga nan na shafa man ƙyalli sau uku, ina barin kwana guda tsakanin kowane shafi, yara kuwa suka tare gidan wani abokina Badamagare saboda ƙarfin warin. Tsummokaran da suka sha mai a waje na shanya su ɗai-ɗai, domin idan aka dunƙule su suna iya kamawa da wuta da kansu.

Da aka gama na kira Hajiya ta bidiyo na nuna mata. Ta yaba, sannan ta shiga ba ni labarin daɓen ɗakinta na aure, yadda matan unguwa suka taru da madaɓai, aka zuba tsakuwa ana yayyafa ruwa ana duka ana waƙa, aka shafe da makuba, aka ci tuwo. Sai ta tambaya, "Kai da su wa kuka yi?" Na ce ni kaɗai ne, sai wani dattijo da ke leƙowa. Ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, ashe babu mutane a garin naku?"

A watan Janairu 'yan tsagogi suka bayyana tsakanin sandunan, hankalina ya tashi, na ruga wurin maƙwabcina. Ko takalmi bai sa ba, daga bakin ƙofa ya ce in bar su zuwa watan Yuni, za su haɗe da kansu.