Kawunan yumɓu a ƙasar citta

Ƙungiyar tamu ba ta da ofis, ba ta da mota, ba ta da ko allon suna. Abin da ta mallaka shi ne babban littafin rajista mai baƙin bango, da tef ɗin awo irin na tela, da kyamara guda wadda wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya bayar kyauta. 'Yan cikinta malaman makaranta ne da 'yan fansho da ɗaliban tarihi, sai wata dattijuwa mai ginin tukwane da muke kira Inna, wadda ta fi mu duka sanin halin yumɓu. Aikinmu nazarin mutum-mutumin Nok, wato ginin yumɓu na wata al'ummar dā da ake haƙowa daga ƙasa, da fafutukar ganin wanda ya rage a cikin ƙasa bai bi 'yan'uwansa zuwa ƙetare ba. Kuɗin wata bai taka kara ya karya ba, amma sabon shiga ba ya zama cikakken ɗan ƙungiya sai ya taka ƙasar Nok da ƙafarsa. Abin da ya fitar da ni daga Kaduna ke nan a tsakiyar hunturu.

A jajibirin tafiya sakatariyarmu, wata malamar sakandare da ba ta son wasa, ta tara mu sababbi a gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu. Ta ce wanda bai taɓa haɗa ido da Nok ba, ko ya yi tuntuɓe da shi a gona ba zai gane shi ba. Idon ne kuwa alamar. Yakan zo da kusurwa uku ko rabin da'ira, gira a lanƙwashe a samansa, ƙwayar idon kuma rami ne da aka huda har ciki. Hanci a huje, kunne a huje, sau da yawa har da baki. Kai ya fi ƙarfin gangar jiki. Ga kitso iri-iri, tukkaye da tuntu da wanda aka naɗe gefe da gefe, ga duwatsun ado jere a wuya da damtse da ƙugu. Ko su wane ne mutanen nan, sun san kwalliya, kuma suna da lokacin yinta.

Inna ba ta tsaya kan fuska ba, sai ta zagaya tana leƙen karyayyen wuya. "Ɗana, zo ka gani," ta ce da ni. "Cikinsa fanko ne. Da naɗi aka gina shi, yadda nake gina randa. Hujin nan da kuke yabawa, ta nan tururi ke fita, in ba haka ba wuta ta fasa shi." Ta nuna mini tsakuwar da ke warwatse a jikinsa, ta ce da gangan aka cuɗa ta da yumɓun don ya jure gashi, santsin da aka shafe shi da shi a sama kuwa ƙasa ce ta cinye. A 'yan mintoci ta koya mini abin da ban samu a takarda ba.

Mun tashi bayan asuba a motar haya da muka ɗauka shata. Kujama, Kasuwan Magani, Kachia. Shingayen jami'an tsaro sun ci mana lokaci, kuma dokar ƙungiya ce ba a kai magariba a kan hanya. Daga Kachia sai ƙasa ta canja, duwatsu suka fara tasowa, iska ta cika da ƙamshin citta. Ko'ina an tsarga ta an shanya, a kan fa, a bakin titi, a ƙofar gida, mata da yara suna juya ta. Direbanmu ɗan yankin ne, bai bar zancen cutar da ta ruɓar da citta a daminar 2023 ba har muka shiga Kwoi, hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba, ƙasar mutanen Ham. Nok ba ta da nisa daga nan, ƙauye ne a gindin duwatsu. Sai da muka fara zuwa gaisuwa wajen masu gari muka faɗi abin da ke tafe da mu, don ba a shiga gonar mutum da tef da kyamara ba sallama.

Kuza ce ta tono Nok. A 1928 masu wankin kuza a wani filin haƙa da ke kusa da ƙauyen suka ci karo da ɗan ƙaramin kai na yumɓu, wani Bature mai hannu a kamfanin, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos aka ajiye. A 1943 kuma wani akawun ma'adinai a ƙasar Jama'a ta kudancin Kaduna ya sami kai mai kyau, ya ɗauka ya kafa a gonarsa ta doya don ya tsorata masu ɓarna. Daga gonar ne kan ya isa hannun Bernard Fagg, matashin jami'in mulki da ya karanci ilimin tono kayan tarihi. Ya ga kamar da ke tsakanin biyun, ya shiga bin filayen kuza yana roƙon leburori su daina jefar da abin da suka haƙo, sannan ya laƙaba wa al'ummar da ta gina su sunan wannan ƙauye. Daga baya an sami irinsu tun daga wajen Kagara a jihar Neja har Katsina-Ala a Binuwai. Kowa a ƙungiya ya san labarin gonar doya, kowa kuma yana dariya in an zo wurin. Ni dai ina ganin akawun bai yi laifi ba, ya dai ba kan aikin yi, bai sayar da shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba a gidan tarihi na gan shi ba, a gonar wani dattijo ne da ke kan tudu, tafiyar ƙafa daga ƙauyen. Ciyawa ta bushe, don haka ramukan suka fito fili, ɗaya kusa da ɗaya, wasu iya gwiwa, wasu sun isa ƙugu, gefensu ya zaizaye. A bakin kowane rami akwai tarin tsingaro. Na tsuguna na ɗauki wani guntu da bai fi tafin hannuna ba. Ja ne, mai kaushi, a jikinsa layi uku na 'yan ƙananan duwatsun ado da aka mulmula ɗaya bayan ɗaya aka manna, a cikinsa kuma shatar yatsun maginin tana nan inda ya danne naɗin. Kusa da shi ga rabin dutsen niƙa, ga gatarin aradu. Malama sakatariya ta sa na ajiye shi daidai inda na ɗauke shi, muka auna, muka ɗauki hoto, ta rubuta a rajista. Aikin ke nan, yini guda cur: awo, hoto, rubutu. Wanda ya shigo ƙungiya da mafarkin tono taska, a ranar farko yake sallama.

Na tambayi mai gonar, "Baba, su wa suka yi wannan haƙa?"

Ya ce, "Yaranmu ne, ba baƙi ba. Baƙi dai su suka zo da kuɗi." Ya ce shekarun baya dillalai kan sauka da mota, su ɗauki samari aikin yini, kai kawai suke so ko wanda ya fito da jikinsa, sauran a watsar. Kuɗin da ake ba yaro bai wuce na buhun taki ba. "Malam, in citta ta ruɓe, ga mai cewa haƙa nan in biya ka yau, me za ka ce wa yaro?" Babu wanda ya amsa masa a cikinmu. Zagin mai haƙa yana da sauƙi ga wanda albashinsa ke shigowa ƙarshen wata. Ni na fi ganin laifin wanda ya san darajar abin, ya saye shi a banza, ya ɗora masa fitila a wani kanti na Turai.

A inuwar wata ɗorawa shugaban ƙungiya, tsohon malamin kwalejin horon malamai, ya yi mana bayanin abin da ramukan nan suka cinye. Ya ce kai shi kaɗai ba ya magana. Gawayin da ke gefensa shi ake aunawa a san shekaru, tukunyar da ke kusa ita ke faɗin abin da aka ci, yadda aka kwantar da shi a rami shi ke nuna abin da ake nufi da shi. Mai haƙa da diga duk wannan yake zubarwa. Ya kawo misalin masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, Peter Breunig da Nicole Rupp, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005 suka kafa sansani a Janjala ta ƙaramar hukumar Kagarko. Da tono a tsanake suka nuna cewa al'ummar ta faro tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutum-mutumin ya bayyana wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, al'adar kuma ta shuɗe wajen zamaninsa. Sun sami ƙonannen gero da wake da ƙwallon atile. Wani bincike da aka buga a 2021 ya gano kakin zuma a jikin tukwanensu. Gero, wake, zuma: na ji kamar ana lissafa kayan rumbun kakata. Tun kafin su kuma Fagg ya tono murahun narka tama a Taruga, kusa da Abuja ta yau, masu shekara fiye da 2,000.

Wani abin da suka gano shi ya fi ba ni mamaki. Kusan duk abin da suka tono a karye yake, kuma alamu sun nuna da gangan aka farfasa aka binne, sau da yawa kusa da wasu jerin duwatsu da tukwane da ake kyautata zaton kaburbura ne, ko da yake ƙasar wurin ta cinye ƙasusuwa. Ke nan cikakken mutum-mutumin da ake gani a kasuwa, tsaf ba ko tsaga, akwai abin tambaya a kansa. Da yawa haɗe-haɗe ne, kan wannan da jikin wancan, a cike giɓi da sabon yumɓu. An nuna kayan da masanan suka tono a Frankfurt a 2013, aka dawo da su Kaduna. A watan Fabrairu na 2017 'yan bindiga suka sace Breunig da wani abokin aikinsa a Janjala. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu sun rasa rayukansu, aikin fili kuma ya tsaya. Shugaba ya ce a yi musu addu'a, Musulmi da Kirista muka yi, kowa a yadda ya saba.

A mota wani ɗalibi ya fito da abin da na san yana cin da yawa daga cikinmu. Ya ce a gida an tambaye shi ko gumaka ya koma yi wa hidima. Ni ma baffana ya yi mini irin wannan tambaya, fuska a murtuke. Amsata ita ce ba mai durƙusa wa abin nan, ba mai roƙonsa komai, kuma an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Ban ce na gamsar da shi ba. Amma masu cewa wannan harkar mutanen kudancin Kaduna ce kawai, su sani an haƙo mutum-mutumin yumɓu na dā a Kwatarkwashi ta Zamfara da kuma ƙasar Katsina, an kwashe su kafin masana su kai ga wurin. Majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su tare da na Nok a jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. A shekarar ce kuma aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Kayan ƙasarmu, a bakin ƙofarmu aka tone su, mu ne kuma na ƙarshen ji.

Washegari muka bi ta Kafanchan da Kagoro muka hau tsaunin Filato, sanyi na ƙaruwa, tsofaffin kududdufan kuza na bayyana a gefen hanya. Gidan tarihin Jos, wanda Fagg ya kafa aka buɗe a 1952, mun zaga shi da sauri, Inna ce ma ta maƙale a zauren tukwane sai da aka je aka janyo ta.

A harabarsa muka zauna taro, gardama ta kaure. Ɗalibai suna so a sa hotuna da taswirar wuraren da muka auna a intanet, don duniya ta san abin da ake ciki. Malama ta ce sam, wannan jagora ne za mu rubuta wa dillalai kyauta. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa hoto zai fita, amma inda aka ɗauke shi zai tsaya a rajista, kwafi kuma a miƙa wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin kayan, ta kuma hana fitar da su ba izini.

Ni aka ba aikin rubuta sanarwar rediyo da Hausa domin manoma, tunda ita ce harshen kasuwa daga Kachia har Kwoi. In garma ta tono maka abu, kada ka cire, kada ka wanke, ka mayar da ƙasa ka rufe, ka gaya wa mai unguwa. Shugaba ya so a ƙara da gargaɗin ɗauri, na ce a bari, manomin da ya ji zancen kurkuku ba zai ƙara faɗa wa kowa abin da ya gani ba. Aka yarda. Batun Kwatarkwashi kuwa an ɗage shi sai hanya ta yi kyau. Kafin nan, biyu daga cikinmu da ke da dangi a Gusau za su nemi tsofaffin da suka ga zamanin haƙar, su naɗi bayaninsu a waya: a wane tudu aka tona, me ya fito, ta wace hanya aka fitar da shi.